Kafin ɗanki ya tashi zuwa Jamus: abin da zaman wata guda ke ci a birnin Hamburg

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa sayo tsohuwar mota ko firigo daga Kotonu ko Lome ya san sunan Hamburg, ko da bai taɓa taka ƙasar Jamus ba. Shi ne birni na biyu wajen girma a ƙasar, mai mutane wajen miliyan 1 da dubu 900, kuma tasharsa ta jiragen ruwa ita ce babba a Jamus. A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai akwai iyayen da ke tara kuɗi don ɗa ko ƙane ya tafi can karatu ko aiki. Wata ta kwashe adashenta, wani ya sayar da fili. Saboda su ne muka zauna muka yi lissafin abin da wata guda ke ci a wanga birni, kamar yadda ɗan kasuwa ke lissafin kaya tun bai ɗora su bisa mota ba.

Yuro a kunne, Yuro a aljihu

Yuro 1 sefa 656 ne, saura kaɗan, kuma farashin ba ya motsi. Wanga sauƙin canji shi ke ruɗin mutane. A 2025 mafi ƙanƙantar ladar aiki a Jamus Yuro 12 da santim 82 ce a awa guda, a Janairun 2026 ta koma Yuro 13 da santim 90. Wanda ya yi awa 40 a mako da ladar 2025 yana da wajen Yuro 2200 a wata bisa takarda. Amma kafin kuɗin su shigo hannunsa an cire haraji, da kuɗin asusun lafiya, da na tsufa, da na rashin aiki. Gwauro marar iyali, abin da ke rage masa wajen Yuro 1600 ne. In aka juya su sefa sun haura miliyan guda. A nan gida, inda mafi ƙanƙantar albashi ya koma jika 42 a 2024, duk wanda ya ji haka sai ya ce yaro ya yi arziki. To amma a Hamburg zai kashe su, ba a kasuwar Dole ko Katako ba.

Haya ce uwar kashe kuɗi

Baƙo ba ya fara da gida nasa shi kaɗai. Galibi ɗaki guda yake samu a gidan da mutum uku ko huɗu ke tarayya a madafa da makewayi. A ƙarshen 2024 irin wanga ɗaki yana kai wajen Yuro 620 a wata a Hamburg, wato jika 406. A Barlin wajen Yuro 650 ne, a Munik kuma ya kusa 800. Ɗakunan kwanan ɗalibai sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai masu jira sun yi yawa, mutum na iya shafe watanni sunansa na cikin layi.

Haya a Jamus kashi biyu ce, kuma a nan ne baƙi ke faɗawa rami. Akwai wadda suke kira haya mai sanyi, wato kuɗin ɗakin tsura. Akwai kuma haya mai ɗumi, wadda ta haɗa da ruwa, kwasar shara da ɗumama ɗaki lokacin hunturu. Kuɗin ruwa da ɗumamar da ake biya kowane wata kintace ne kawai. Sau ɗaya a shekara mai gida na yin lissafi na gaskiya, kuma wanda ya bar na'urar ɗumama ɗaki a buɗe dare da rana sai takardar ciko ta same shi, wani lokaci ta ɗaruruwan Yuro. Haka ya faru ga gidaje da yawa bayan tsadar gas ta 2022. Kuran kuwa, in mutum na da gidan kansa, daban ake biyan shi, kuma a 2024 kilowat guda wajen santim 40 ne, sama da sefa 260.

Bayan haka, kafin a ba ka mabuɗi sai ka ajiye kuɗin jingina, wanda suke kira Kaution. Doka ta ce kada ya wuce haya mai sanyi ta wata uku, kuma ta ba mai haya damar biyan shi kashi uku. Ana maido da shi bayan an tashi in ba a ɓata komai ba. Wanda hayarsa mai sanyi Yuro 500 ce, ya shirya ajiye har 1500, kusan miliyan guda na sefa, ban da hayar watan farko. Sannan gidaje da yawa wayam ake ba da su: babu gado, babu fitila, wani lokaci ko murhu babu. Kada kuma a aika ko dala ga wanda ya yi tallar ɗaki a intanet ya ce a biya kafin a gani. ƴan damfara sun san baƙo a matse yake.

Takardu ma kuɗi ne

Cikin mako biyu da shiga gida dole mutum ya je ofishin gari ya yi rajistar adireshinsa, da takardar shaida daga mai gida. Da wannan rajista ne ake samun lambar haraji, ita kuma ake tambaya a wajen aiki da banki. Don haka ɗakin da mai shi ya ce a zauna amma ba zai ba da takarda ba, arharsa ba ta da amfani.

Inshorar lafiya wajibi ce ga kowa. Ma'aikaci a albashinsa ake cirewa. Ɗalibin da bai kai shekara 30 ba yana biyan kusan Yuro 140 a wata a 2025, wajen jika 92, ko bai taɓa zuwa likita ba. Kowane gida kuma na biyan kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18 da santim 36 a wata tun 2021, ko da babu akwatin rediyo a ɗakin. Masu tarayya a gida guda raba shi suke yi.

Abinci da shiga mota

A nan ne mai hannu da shuni da talaka ke rabuwa, kuma a nan tarbiyyar iyaye mata ke aiki. Yaron da ya iya dafa shinkafa da wake ya tsira. Wanda ke sayayya a kantuna masu araha irin su Aldi, Lidl ko Penny, yana girki da kansa, Yuro 200 zuwa 250 na iya kai shi wata. Naman halal ana samun shi a shagunan Turkawa da sauran Musulmi, kamar waɗanda ke titin Steindamm kusa da babbar tashar jirgin ƙasa. Kayan miyarmu kuwa, kuɓewa, manja, busasshen kifi, akwai su a shagunan ƴan Afirka, amma da tsada, na marmari ne. Babu tayi, babu gyara, babu kuma bashin mai kanti zuwa ƙarshen wata. Ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Kwalbar roba da gwangwanin lemo kada a yar: kowane guda an biya masa santim 25, ana karɓar su in an maida shi kanti.

Akwai katin wata da ke shigar da mutum bas da jiragen ƙasa na kusa a duk faɗin Jamus. Ya fara da Yuro 49 a 2023, ya koma 58 a 2025, sannan 63 a 2026, wato jika 41, kusan albashin wata na ƙaramin ma'aikaci a nan. Wanda aka kama babu tikiti tarar Yuro 60 ce, kuma in ya maimaita maganar na iya kai wa kotu ta taɓa takardar zamansa.

Mu haɗa lissafi

Tun Satumban 2024 Jamus ta nemi ɗalibin da ke son biza ya nuna Yuro dubu 11 da 904 na shekara guda, wajen miliyan 7 da jika 800. Ana kulle su a asusu na musamman, banki na sakar masa Yuro 992 kowane wata. A cire ɗaki 620, inshora 140, abinci 200: saura Yuro 32. A cikinsu ne zai sa kuɗi a salula, ya sayi sabulu, ya tanadi rigar sanyi da takalmi, ga kuma kuɗin rajistar jami'a na Yuro ɗaruruwa duk wata shida. Shi ya sa kusan kowa ke haɗawa da ƙaramin aiki, amma tun Maris 2024 abin da doka ta yarda wa ɗalibi baƙo cikakkun kwana 140 ne a shekara.

Sai ma'aikacin nan mai Yuro 1600. Mu ce ya yi sa'ar ƙaramin gida na 850, kuran 45, katin mota 58, rediyo 18, salula da intanet 40, abinci 250, tufafi da tarkace 100. Saura wajen Yuro 240, jika 157. Miliyan gudan da muka ji a kunne, ga abin da ta koma a aljihu, kuma ba a yi maganar kuɗin jirgin zuwa gida ba.

Kira ga iyaye

Ba muna hana kowa tafiya ba ne. Wanda ya koyi Jamusanci, ya riƙe sana'a ko ya gama karatu, albashinsa na wuce wanda muka lissafa, kuma danginsa na cin moriya. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne. Hajiya, ke kin san ba a cin uwar kuɗi. Shekarar farko ta ɗanki a Jamus jari ce, ba lokacin riba ba. Ban da kuɗin biza da na jirgi, a tanadar masa guzurin wata uku a gefe, don jingina, kayan ɗaki da jiran albashin farko. A kuma sani cewa bizar ziyara ba ta ba da izinin aiki, kada wani dillali ya ruɗe ku.

In yaro ya yi waya ya ce babu, kada a ce ya manta da gida. Kiran da ake yi masa don ragon layya, suna da biki, shi ke tura wasu cin bashi ko barin lakwal su shiga aikin ɓoye, har takardunsu su lalace. Ku zauna da shi tun bai tafi ba, ku rubuta lissafin nan da Yuro, ku yanke watan da zai fara aike da abin da zai iya. Allah ya kai matafiya lafiya, ya sa albarka a neman kowa.