Kaza ɗaya, abincin dare biyu

Uwargida, idan maigida ya dawo daga kasuwar Sara ko ta Birnin Kudu da kazar Hausa guda ɗaya, kada ki juye ta duka a tukunyar miya. Yadda nama ya yi tsadar nan, kazar za ta iya kai ku dare biyu.

Ki yanka ta ƙanana, ki tafasa da albasa, tafarnuwa, citta, kanumfari da gishiri. Kazar Hausa akwai tauri, sai ki ba ta kamar awa ɗaya a wuta, ki sa ruwa da ɗan yawa, domin romon ne miyar daren farko. Ki tsame tsokar, ki bar wuya, fukafukai da ƙafafu a ciki, ki zuba daddawa da attaruhu, ki kaɗa kuka. In an haɗa da tuwon dawa mai zafi, ba yaron da zai tambayi cinya.

Tsokar kuwa ki soya ta a man gyaɗa a daren, har ta bushe. Kada ki dogara da firji, kin san halin wutarmu. Dafaffen nama mai ruwa-ruwa ba ya kwana lafiya lokacin zafi, kuma yara ne kan fara kwanciya da ciwon ciki. Washegari ki yi dafa-dukar shinkafa, ki yayyaga naman a kai da ɗan zogale, ki rufe ya turara sosai.

Rabin kilon naman sa ma haka za ki yi masa, sai dai ki ce mahauci ya haɗa miki da ƙashi.