Ko Kun Sani? Mariri Ya Koma Cadi

Ko kun san cewa mariri, dabbar nan fara mai dogayen ƙaho da suka lanƙwasa baya kamar takobi, ya taɓa ƙarewa ƙaf a daji? A da garkunansa na kiwo a Sahel, har da Nijar da Cadi. Farauta da bindiga a mota, da fari, da yaƙi suka gama da shi. A 2000 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta ayyana cewa babu sauransa a daji.

Gidajen zu ne suka riƙe irinsa. Gidan zu na Marwell da ke Ingila yana ajiye kundin asalin kowane mariri, don kada a haɗa 'yan uwa na jini barbara, iri ya raunana. Da haka aka tattaro dabbobi daga Amurka da Turai zuwa Abu Dhabi, aka kafa babban garke.

A 2016 jirgin sama ya sauke 25 na farko a Cadi, aka sake su a gandun Ouadi Rimé-Ouadi Achim, da na'urar bin sawu a wuyansu. Sun hayayyafa, kuma a Disambar 2023 IUCN ta fitar da mariri daga jerin dabbobin da suka ƙare a daji.