Ciwon Marfan Da Huhu

Jama'a, mun san maƙeri ba ya aiki sai da zugazugi. To, huhun mutum haka ya ke, yana buɗewa yana tsukewa dare da rana. Abin da ke ba shi wannan ƙarfi wani siririn zare ne da Allah ya saƙa cikin jiki. Shi ke riƙe da huhu, da jijiyoyin jini, da idanu, da gaɓoɓi.

Akwai waɗanda a kan haifa zarensu ba ƙwari. Sunan wannan ciwo Marfan, don wani likitan Faransa, Antoine Marfan, shi ya fara bayyana shi a 1896. Wajen mutum 1 cikin 5,000 ke da shi. Yawanci gado ne. In uba ko uwa na da shi, kowane ɗa yana iya gadonsa, yana kuma iya kuɓuta, rabi da rabi. Ba a ɗaukarsa kamar tarin fuka, ba kuwa jifa ba ne.

Mai shi ya kan zama dogo siriri, mai dogayen hannuwa da yatsu. Wani ƙirjinsa ya loɓa, wani ya turo, wani bayansa ya karkace, har huhu ya rasa wurin buɗewa sosai. Amma fa ba kowane dogo ke da shi ba, likita ne mai ganewa.

Ga inda haɗarin ya ke. Wani lokaci 'yan ƙananan jakunkunan iska su kan fito a saman huhunsa. In ɗaya ta fashe, iska ta kan zurare tsakanin huhu da haƙarƙari, ta danne huhun, ya yi laƙwas kamar zugazugin da ya huje. Yaro yana zaune lafiya lau, sai ya ji suka a gefe guda na ƙirji, numfashi ya gagara.

In mun ga haka, kada mu ce iska ce, kada mu kira wanzami. Ƙaho ba ya kai inda ciwon ya ke. A kai shi asibiti nan da nan, ko da tsakar dare ne, gama wani lokaci sukar daga babbar jijiyar zuciya ta ke, wannan kuwa ya fi tsanani. Likita zai ɗauki hoton ƙirji. In iskar ta yi yawa, sai ya sa bututu tsakanin haƙarƙari ya fitar da ita, huhu ya sake buɗewa.

Abin ya kan komo. Saboda haka mai wannan ciwo ya bar taba, ya bar dambe da kokawa da ɗaukar kaya masu nauyi. Iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya su ma a kai su likita ya duba su.