Na'urar awon hayaƙin mota: wa ke auna mai awo?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin babbar hanyar gudron a Kore Mairuwa ranar kasuwa ya san warin hayaƙin mota. Motocin da ke tasowa daga Tibiri, Gesheme da Dumega zuwa Dogon Dutsi ko Doso galibinsu sun sha jiki a wata ƙasa kafin su iso mana. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da tsofaffin motoci miliyan 14 daga Turai, Amurka da Japan, kashi 40 cikin 100 nasu Afirka suka nufo.

Ido yana ganin baƙin hayaƙi, amma mugun cikinsa, wato iskar CO, ba ta da launi, ba ta da wari. Tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau 200, tana iya kashe mutum a cikin garajin da aka rufe. Shi ya sa aka ƙera na'urar awon hayaƙi, irin wadda ake amfani da ita a wuraren bizit teknik da manyan garaji. Ana zura bakin tiyonta cikin salansar mota mai shan fetur, ta zuƙo hayaƙin, ta faɗi yawan CO, da CO2, da man da bai ƙone ba, da sauran iskar shaƙa. Motar gazuwal kuwa da wata na'ura daban ake auna duhun hayaƙinta.

To amma jama'a, tiyar da aka ɓurma wa gindi ba ta ba da awon gaskiya. Haka ita ma wannan na'ura take idan aka bar ta ba kulawa.

Abu na farko shi ne yoyo. Kowace safiya, bayan an kunna ta an bar ta ta ɗumama, sai a toshe bakin tiyo a ga ko iska na shiga ta wata kafa. Idan tiyo ya tsage, iskar waje za ta gauraya da hayaƙin, CO ya sauka, na'ura ta wanke mota mai laifi. Wani bakaniken ma sai ya zaci man da ke shiga inji ya yi kaɗan, ya ƙara buɗe kabureta. Direba ya biya kuɗin gyara, ya koma yana ƙona mai fiye da dā, ga shi tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 man kwalaba ya yi tsada a garuruwanmu na bakin iyaka.

Na biyu, ruwa da datti. Hayaƙi yana tafe da tururi, don haka akwai ɗan kofin da ke tare ruwa, dole a riƙa zubar da shi. Matatun ciki kuwa, da sun yi baƙi sai canji. A nan Arewa, inda hunturu ke zuwa da ƙura, jiran wa'adin da aka rubuta don ƙasashen Turai ganganci ne, domin da haske na'urar ke gane iskar, ƙura na shiga ta dushe mata gani.

Na uku, mayar da ita sifili. Kafin awo tana shaƙar iska mai tsabta, wadda ya kamata ta nuna kashi 20,9 cikin 100 na iskar shaƙa. Wanda ya yi wannan kusa da injin wuta ko motar da ke ruri, ya gina awonsa na yini a kan ƙarya. Ɗan ƙwayar da ke auna iskar shaƙa ma yana mutuwa a hankali, cikin shekara ɗaya zuwa biyu, ko ana aiki da shi ko ba a yi.

Na ƙarshe, aƙalla sau ɗaya a shekara, ƙwararre ya gwada ta da tukunyar gas wadda aka san ainihin abin da ke cikinta, ya daidaita ta, ya rubuta ranar.

Saboda haka, ɗan'uwa direba, idan aka auna motarka, tambayi ranar da aka daidaita na'urar, ka kuma karɓi takardar sakamako. Ba rashin kunya ba ne. Kuɗinka ne, kuma numfashin fasinjojinka ne.