Hunturu: Dalilin da hitar motoci da dama ba ta aiki, da yadda ake gyara ta

Da zarar hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Janairu, direbobin da ke sammako a garuruwa irin su Jos da Gembu kan tuna da wani maɓalli da suka shekara ba su taɓa ba. Sai a murza shi zuwa ɓangaren ja, a jira ɗumi, amma iska mai sanyi ce ke fitowa. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, Gembu ma ta fi haka, shi ya sa sanyin asubarsu ba wasa ba ne.

Mutane da yawa na ɗaukar hita a matsayin kayan ƙasashen ƙanƙara. Sai dai mutuwarta kan zama alamar wata matsala a inji, wadda ke cin kuɗin mai mota ba tare da ya sani ba.

Yadda take aiki

A motocin fetur da dizal, hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke zagayawa yana sanyaya inji shi ne ke ɗauko zafi, ya bi ta tiyo zuwa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod. Fanka ta hura iska ta cikinsa, iskar ta ɗumama, ta fito cikin mota. Saboda haka abu uku take buƙata: ruwa mai zafi, hanyar da zai bi, da iskar da za ta ɗauko zafin. Duk gyaran hita neman wanda ya ɓace ne a cikin ukun nan.

Inda matsalar ta fi yawa

Galibin motocin Kwatano da na Beljiyam na isowa da wata 'yar na'ura da ake kira tamostat. Aikinta shi ne tare ruwa ya hana shi zuwa babban lagireto har sai inji ya yi zafi, sannan ta buɗe, yawanci tsakanin digiri 80 da 95 a ma'aunin Selshiyos. A garejojin Najeriya al'ada ce a cire ta, a kuma haɗa fankar lagireto ta riƙa juyawa tun daga tayar da mota, bisa tunanin cewa ƙasar zafi ba ta buƙatar ta.

Sakamakon shi ne inji ya daɗe bai kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai ba, musamman da safiyar hunturu. Hita ba za ta samu ruwan zafi ba. Kwamfutar motar kuma, ganin inji na sanyi, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan asara ce da aljihu ke ji.

Abu na biyu shi ne ruwan famfo ko na rijiya da ake ɗura wa lagireto maimakon kulant. Yana haifar da tsatsa da datti, kuma ramukan ƙaramin lagireton hita sirara ne, su ke fara toshewa. Idan ya tsufa ya fara yoyo, makanikai da dama kan zare tiyo biyun da ke shigarsa su haɗe su da juna, domin canza shi a motoci da yawa sai an kwance dashbod. Wanda ya sayi motar a hannu na biyu ba lallai ya san an yi hakan ba.

Matakan bincike

A fara da fanka. Idan ba ta hura komai, a duba fiyus, sannan a kai wa mai gyaran wutar mota. Idan sai a lamba ta ƙarshe take aiki, yawanci rizistanta ne ya ƙone. Idan tana ƙara amma iskar ba ƙarfi, a ciro matatar iskar cikin mota, wadda a yawancin motoci take bayan akwatin da ke gaban fasinja. Ƙurar hunturu na saurin cika ta.

Idan iska na fitowa amma da sanyi, a duba yawan ruwa, kuma sai inji ya huce sarai. Buɗe murfin lagireto da zafi na iya watso wa mutum tafasasshen ruwa a fuska. Ruwan da ke yawan raguwa na nufin akwai yoyo a wani wuri, kuma iskar da ta shiga layin ruwa ma kan hana hita ɗumi har sai an fitar da ita.

Daga nan a lura da allurar zafi. Idan an yi tafiya mai ɗan nisa tana kwance a ƙasa, tamostat ta lalace ko babu ita. Idan allurar ta kai tsakiya, a buɗe bonet a taɓa tiyo biyun da suka shige bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, a yi hattara da fanka da bel. Ɗaya da zafi ɗaya da sanyi alamar toshewa ce, kuma sau da yawa wanke shi da ruwa ta bayan hanyarsa na isa. Idan duka biyun da zafi, laifin na ƙyauren da ke karkatar da iska a cikin dashbod ne.

Jiƙaƙƙen kafet a gaba, da wani wari mai zaƙi-zaƙi, da maiƙo a gilashi, na nuna ƙaramin lagireton ya fashe. Kulant guba ne, bai kamata a ci gaba da shaƙarsa ba, balle da yara a mota.

Ba jin daɗi kawai ba

Iskar hita ce ke kore raɓar da ke rufe gilashin gaba da asuba ko lokacin ruwan sama, kuma ta fi sauri idan an haɗa ta da AC, domin AC na busar da iska. Direban da ke goge gilashi da tsumma a hannu ɗaya, sitiyari a ɗaya, cikin hazo, ya sa kansa da fasinjojinsa a haɗari.

Duk mai shirin sayen mota, ko da a tsakiyar bazara ne, ya kamata ya kunna hita ya ji. Idan ba ta ɗumi, ya tambayi inda tamostat take kafin ya biya kuɗi.