Dami Ɗaya Domin Yara Masu Ciwon Daji

Akwai wani ciwon daji da yakan kumbura muƙamuƙin yaro cikin 'yan makonni, musamman a wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Likita Denis Burkitt, wani mai bi, shi ya bayyana shi a Uganda a 1958. Da ɗan kuɗin taimako ya aika tambayoyi zuwa asibitocin Afirka, bincike ya ci gaba har aka gane ciwon yana jin magani in an zo da wuri.

Saboda haka in kaka ta yi, mu na Bichi da Ɗambatta, kowane gida ya ware damin gero ɗaya. Ikkilisiya ta sayar, a tallafi yaran da ake kaiwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ubangiji ya sa albarka, amin.