Baƙon Kurkukun Kaduna Da Waƙoƙinsa

Daga Wakilinmu na Arewa, Kaduna

Jama'ar Arewa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Badun sun san yadda baƙunta take, domin kowa ya tuna damina ta farko da ya yi a Kurmi, ruwa ba dare ba rana. To, yau labarin wani baƙo ne zan ba ku, wanda shi kuma daga Kudu aka kawo shi Arewa, ba da son ransa ba, ya sha hunturun Kaduna a bayan katanga. Sunansa Wole Soyinka, mutumin Abekuta, wanda aka haifa a 1934.

A watan Agusta na 1967, Yaƙin Basasa bai daɗe da ɓarkewa ba, wannan malamin jami'a ya tafi Inugu ya sadu da Ojukwu, yana neman hanyar da za a tsayar da faɗan. Da ya dawo sai gwamnatin soja ta Janar Gowon ta kama shi, ta ce yana taimakon Biyafara. Shi kuwa ya musanta. Ba a taɓa kai shi gaban alƙali ba. Aka fara tsare shi a Ikko, har da Kirikiri, daga baya aka wuce da shi kurkukun Kaduna, ba a sake shi ba sai a watan Oktoba na 1969. Wato sama da shekara 2 ke nan, mafi yawansu kuwa shi kaɗai a ɗaki, ba abokin hira.

An hana shi takarda da alƙalami. Amma ɗan Adam da dabara! Sai ya haɗa tawadarsa da kansa, ya shiga rubutu a jikin kwalin taba, da takardar shiga bayi, da tsakanin layukan 'yan littattafan da suka samu shiga hannunsa a ɓoye. Wasu daga cikin waƙoƙin sun sulale sun fita, aka buga su a Ingila a 1969. A 1972 aka buga cikakken littafin, mai suna A Shuttle in the Crypt, ma'ana ƙoshiyar masaƙi a cikin kushewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masaƙa ya ga yadda ƙoshiya ke kai da komowa tsakanin zare, ba ta hutawa, ba ta kuma zuwa ko'ina. Haka ya ga hankalinsa a wannan ɗaki.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne waƙar da ya yi a kan Annabi Yusuf, Alaihis Salam. Ya ɗauko mutum huɗu daga tsofaffin labarai yana auna kansa da su, uku daga littattafan Turawa, ɗaya kuwa Yusuf, wanda shi ma sharri aka yi masa aka jefa shi kurkuku. Mai karatu zai zaci cewa zai ce shi ma haka yake, mai haƙuri, mai jiran ranar da gaskiya za ta yi halinta. Ina! Sai ya nuna cewa shi bai kai wannan matsayi ba, kada ma kowa ya ɗauke shi waliyyi. Yana jin haushi, yana tsinuwa, kuma ba zai iya zaman jira shiru ba. A ganina nan ne ƙarfin mutumin yake. Fursuna da yawa abin da ke karya su shi ne ƙoƙarin nuna wa gandiroba, da nuna wa kansu, cewa ba abin da ya dame su. Shi kuwa ya yarda da fushinsa da tsoronsa, ya ce nasa ne, ya zuba su a takarda.

Tsoron kuwa ba na wasa ba ne. Ɗakinsa yana kusa da inda ake rataye waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, yana jin lokacin da ake wucewa da su, akwai kuma waƙoƙin da ya yi musu a cikin littafin. Babban abin da yake gudu shi ne kada ya zautu. A ɗaya littafin nasa, The Man Died, wanda shi ma ya fito a 1972, ya ba da labarin yadda ya koma yin lissafi, darasin da ya tsana tun yana makaranta, don dai kansa ya samu abin yi. Ya kan ƙaurace wa abinci kwana da kwanaki da gangan, domin ya tabbatar akwai sauran abu ɗaya da shi ke da iko a kansa. Sanyin hunturu kuma ya tsattsage masa fata, abin da mu muka saba da shi muna shafa man shanu mu wuce.

Ba zan ɓoye muku ba, Turancin waƙoƙin yana da tsauri, ni kaina da satifiket ɗina na sakandare sai da ƙamus a gefe. Wasu sun ce da gangan ya ƙulle maganar saboda masu bincike. Ni dai na fi zaton haka bakin mutum yake komawa in ya daɗe ba shi da abokin magana sai kansa.

A 1986 aka ba shi lambar Nobel ta adabi, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya samu. Kurkukun kuwa yana nan a tsakiyar Kaduna, motoci na wucewa ta gefensa safe da yamma.